TOSHE KAFOFIN SANYI, AMMA A BAR WA ƊAKI HANCI

A wani zagaye da muka yi na ƙungiyoyin manoma a ƙasar Mangu cikin watan Janairu, dare ya yi mana a gidan wani dattijo ɗan ƙungiya. Ya sauke mu a sabon ɗakinsa na bulo da kwano, wanda ya gina da kuɗin dankalin Turawa na shekara biyu. Ɗaki ne mai kyaun gani, har da fenti. Amma ba mu runtsa ba. Tun wajen ƙarfe biyu na dare iska take ratsa mu ta ƙarƙashin ƙofa, tana fita ta bakin kwano. Da gari ya waye muka tarar ƙura ta kwanta a kan bargonmu kamar an barbaɗa gari.

Da safe muka gaisa, muka ce, "Baba, ku a ina kuka kwana?"

Ya yi dariya ya ce, "Ai 'ya'yana, in hunturu ya yi ƙarfi ni nakan koma tsohon ɗakina na ƙasa. Wannan na baƙi ne."

Daga nan muka leƙa ɗakin da surukarsa take kwana da yara huɗu, ƙaraminsu ɗan wata biyu. An cusa tsummoki a taga, an toshe ƙasan ƙofa da buhu, ga kaskon gawayi a tsakar ɗaki da sauran ɗumi. Matar ta ce kullum da ciwon kai take tashi, ta ɗauka aikin sanyi ne.

Ɗakuna biyu ke nan a gida ɗaya. Na farko iska ta yi masa yawa, na biyu kuwa an hana shi numfashi. Na farko yana hana barci ya kawo mura. Na biyu yana iya kashe mutum biyar a dare ɗaya. Abin da ya sa muka ga ya kamata mu tattauna wannan magana ke nan, tun da sauran lokaci.

YADDA ISKA TAKE YAWO A CIKIN ƊAKI

Iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, daga Hamadar Sahara. Takan fara wajen ƙarshen Nuwamba ta kai tsakiyar Maris. Yawancin ƙurar da take ɗauke da ita daga kwarin Bodele ne, a arewacin Chadi. A Jos, wadda ke kan tudu mai tsayin kimanin mita 1,200, sanyin dare a Disamba da Janairu yakan sauko wajen digiri 11 ko 12, wani lokaci har ƙasa da 10. A Kano da Zariya da Maraɗi ma asubahin Janairu ba abin wasa ba ne.

Hanya biyu iska take bi ta ratsa ɗaki. Ta farko kowa ya san ta: iska ta bugi bangon gabas ko na arewa, ta kutsa ta duk kafar da ta samu, ta fita ta ɗaya gefen. Ta biyu ita ce mutane da yawa ba su lura da ita ba, gama tana aiki ko a daren da ganye ba ya motsi. Iska mai ɗumi ta fi mai sanyi rashin nauyi, don haka sama take hawa. Ɗumin jikinmu da na bango yakan tashi ya fice ta bakin rufi. Duk iskar da ta fita ta sama kuwa, dole wata ta maye gurbinta, sai ɗakin ya zuƙo mai sanyi ta ƙasan ƙofa da tsagar bango. Wannan iska mai sanyi a ƙasa take kwanciya, daidai inda yara suke barci a kan tabarma.

Bari mu yi ɗan lissafi. Ƙofa mai faɗin inci 30, idan ta bar kafar inci 1 a ƙasa, daidai take da rami mai inci 5 da inci 6 a jikin bango. Ɗaki zagayayye mai faɗin ƙafa 12, kewayensa kimanin ƙafa 38 ne. Idan akwai tazarar inci 2 tsakanin kan bango da jinka duk kewayen, to, kamar an bar taga mai ƙafa 2 da ƙafa 3 ke nan a buɗe dare da rana. Ba wanda zai yarda ya kwana da irin wannan taga a buɗe cikin hunturu, amma da yawanmu haka muke kwana ba mu sani ba.

ABIN DA KAFOFIN NAN SUKE JAWO MANA

Jariri ne ya fi kowa shan wahala. Jikinsa ƙarami ne, yana saurin rasa ɗumi, ba ya kuma iya faɗin abin da ke damunsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara cewa ɗakin da za a haihu a ciki kada ɗuminsa ya kasa digiri 25, kada kuma iska ta riƙa ratsawa. Tsofaffi da masu asma su ma suna jin jiki.

Sanyi shi kaɗai ba ya haddasa ciwon haƙarƙari, watau namoniya. Ƙwayoyin cuta ne suke kawo shi. Amma busasshiyar iska da ƙura sukan busar da hanci da maƙogwaro, su sauƙaƙa wa ƙwayoyin hanya. Hayaƙin da muke turnuƙa ɗaki da shi don gudun sanyi ya fi sanyin kansa ɓarna a huhun yaro.

Sai kuma sauro. Irin sauron da ke kawo zazzaɓi, in ya biyo warin mutum ya iske bango, sama yake hawa har ya sami kafa a bakin rufi ya shige. A 2006 da 2007 an yi gwaji a gidaje 500 a garin Farafenni da kewayensa, a ƙasar Gambiya. A wasu gidajen an toshe bakin rufi an sa raga a ƙofa da taga, a wasu an yi silin na raga, wasu kuma an bar su yadda suke. Sauron da ke shiga gidajen da aka gyara ya ragu da kusan rabi, yaran cikinsu kuma ba su yi fama da ƙarancin jini kamar na sauran gidajen ba. Ashe aikin da muka yi don hunturu zai amfane mu har da damina. Ɓera da jemage da maciji da kunama su ma ta kafofin nan suke bi. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga.

YADDA ZA MU GANO KAFOFI

Ba a bukatar wani kayan aiki na musamman.

1. Da tsakar rana mu shiga ɗaki, mu rufe ƙofa da taga, mu jira ido ya saba da duhu. Duk inda haske ya ɓullo, mu sa masa alama da gawayi ko alli.
2. Da asuba mu jiƙa bayan hannu, mu bi gefen ƙofa da taga da kusurwoyi a hankali. Jiƙaƙƙen hannu yana jin iskar da busasshe ba zai ji ba.
3. Mu kunna turaren tsinke mu kai shi kusa da inda muke zato. In hayaƙin ya karkata, akwai kafa. Kada a yi amfani da kyandir ko aci-bal-bal kusa da jinka.
4. Mu duba inda ƙura ta yi layi a ƙasa ko a bango da safe. Ita ce sawun iska.

TUN RAN GINI, RAN ZANE

Wanda bai fara gini ba tukuna, shi ya fi kowa sa'a, domin yawancin maganin ba ya cin ko kwabo.

A ƙasarmu hunturu daga arewa maso gabas yake zuwa, hadarin damina mai iska kuma yawanci daga gabas yake tasowa. Iskar da muke marmari lokacin zafi kuwa daga kudu maso yamma take. Saboda haka ƙofar ɗakin kwana ta dubi kudu ko yamma. Manyan tagogi su ma a sa su can. A bangon gabas da na arewa a yi ƙaramar taga mai murfi mai kyau, wadda za a buɗe da bazara don iska ta ratsa, a rufe da hunturu.

In fili ya tilasta ƙofa ta dubi gabas, sai a gina ɗan guntun bango a gabanta, ko a kafa zana, yadda iska za ta karya kwana kafin ta shiga. Hikimar zaure ke nan a ginin kakanninmu: ba a sa ƙofar waje da ta ciki su dubi juna.

A jera rumbuna da ɗakin ajiya a gefen arewa da gabas, su tare wa ɗakunan kwana iska. Bayansu a dasa itatuwa. Layin itatuwa yakan rage ƙarfin iska har nisan da ya kai tsayinsa sau goma. A kwarin Majiya, wajen Buza a Jamhuriyar Nijar, tun 1975 aka fara dasa layukan darbejiya, watau dogon yaro, don kare gonakin gero daga iska. Abin da ya kare gona zai kare gida. A kan tudun Filato, shingen ƙyarana da muka gada da itacen turare suna yin wannan aiki. Sai dai kada a dasa babban itace kusa da bango, gama saiwarsa takan tsaga harsashi. A ba shi aƙalla taku goma.

BANGO

Bangon ƙasa mai kauri abokin manomi ne. Yakan sha zafin rana a hankali, ya riƙe shi, ya sake shi cikin ɗaki da dare. Shi ya sa dattijon nan ya gudu daga ɗakin bulo ya koma na ƙasa. Kada mu raina tubali da jar ƙasa don mun ga na birni. Laifin bangon ƙasa ɗaya ne, tsagewa, ita kuwa tana da dalilai sanannu.

Ƙasar da yumɓu ya yi mata yawa takan ƙanƙance in ta bushe, sai ta tsage. Wadda yashi ya yi mata yawa kuma takan ruɓushe. Kafin a kwaɓa ƙasar gini duka, a yi gwaji: a kwaɓa kashi huɗu, ɗaya ba yashi, sauran da yashi kaɗan, da matsakaici, da mai yawa. A yaɓa kowanne a jikin tsohon bango, faɗin tafin hannu biyu, a bar su kwana uku. Wanda bai tsage ba, bai kuma zube ba in an murza shi da yatsa, shi ne ma'aunin. A zuba ramno, ko yankakken karan acca, ko ƙaiƙayi, domin su suke ɗaure ƙasa. A bar kwaɓin ya kwana biyu ko uku ana tattaka shi. A yi gini hawa hawa, kowane hawa ya sha iska kafin a ɗora wani. Gaggawa ita ce uwar tsaga.

Masu ginin bulo su lura da abu uku. Birkila mai sauri yakan shimfiɗa siminti a ƙarƙashin bulo, ya bar tsakanin bulo da bulo ba a cika ba. Mu tsaya a kansa ya cika. Ramukan da aka soka katakon hawa a ciki, a toshe su da siminti kafin a yi filasta. Siminti kuma ruwa yake so ya yi ƙarfi, hunturu kuwa yana shanye shi tun bai kama ba. A riƙa yayyafa wa sabon gini da filasta ruwa safe da yamma har kwana bakwai.

Gyaran tsohuwar tsaga: a faɗaɗa bakinta da wuƙa ko adda, a share ƙura, a jiƙa ta sosai, a cusa kwaɓaɓɓiyar ƙasa irin ta bangon har ciki, a bar ta ta sha iska, a ƙara. Kada a lulluɓe bakin kawai. Kada kuma a cika tsagar bangon ƙasa da siminti, gama ba sa tafiya tare, ba da jimawa ba zai ɓamɓare ya bar kafar da ta fi ta da. Bayan haka a yi yaɓe ciki da waje. Inda ake da ɗorawa, makuba tana ƙara wa yaɓe ƙarfi a gaban ruwa.

Amma tsagar da ta karkata daga kusurwar ƙofa ko taga, ko wadda yatsa ke shiga, ko wadda ke dawowa bayan gyara, wannan maganar harsashi ce. A kira magini ya duba kafin damina.

BAKIN RUFI DA SILIN

Nan ne babbar kafa a yawancin ɗakunanmu.

A ɗakin kwano, ko da kwanon ya zauna daidai a kan bango, kowace lanƙwasa tasa tana barin rami. Kwanon da muka saba da shi yana da lanƙwasa ɗaya a kowane inci 3, watau ramuka 48 a bango mai ƙafa 12. Kwano kuma ba ya riƙe ɗumi. Da rana yakan gasa ɗaki, da dare ya yi sanyi ƙarara, har wani lokaci ya yi zufa ya ɗiga a kan gado.

Hanya biyu ce. Ta farko, a ɗaga bango tsakanin rafta da rafta har ya taɓa kwano, a cika ramukan da ƙasa ko siminti. A shafa wa katakon da zai taɓa ƙasa maganin gara tukuna. Ta biyu, wadda ta fi, ita ce a yi silin. Silin yana raba mu da kwano, ya tsare ɗumi da hunturu, ya tare zafi da bazara. Ba dole sai na kanti ba. Zana mai kyaun saƙa, ko asabari, ko tabarmar kaba da aka shimfiɗa a kan gora, duk suna aiki, musamman in an riɓa biyu. Muhimmin abu shi ne gefen silin ya haɗu da bango, a bi shi da yaɓe ko siririn katako. In silin ya zauna sosai, sai a bar sararin da ke bisansa ya sami iska ta bakin kwano, amma a rufe kafofin da raga saboda jemage da ɓera.

Wanda ya gaji tsohon silin ko rufin asbesto, kada ya yanka shi da zarto ko ya fasa shi. Ƙurarsa tana lalata huhu, cutar kuma ba ta bayyana sai bayan shekaru masu yawa.

A ɗakin jinka, shuci mai kauri ya fi kwano riƙe ɗumi nesa ba kusa ba. Abin gyara shi ne tazarar da ke tsakanin kan bango da jinka. A ɗora ƙasa a cike ta, sa'an nan a riƙa dubawa kowane wata, domin gara takan bi ƙasa ta hau ciyawa. A duba ƙololuwar jinka kuma, nan ne iska take fara yayewa. Masu soro su duba rufin bayan kowace damina, da gefen indararo, su cike tsaga tun tana ƙarama.

Wannan duka ɗakin kwana muke nufi. Ɗakin girki, ko duk ɗakin da ake hura wuta a ciki, ba a toshe masa bakin rufi.

ƘOFA DA TAGA

Ɗanyen katako yakan ƙanƙance in ya bushe. Ƙyauren da kafinta ya yi da damina ya shiga daidai, da hunturu sai a ga hannu yana shiga gefensa. Mu sayi katako tun da wuri, mu jera shi a inuwa da 'yan sanduna a tsakani ya bushe wata biyu ko uku. Mu ce wa kafinta ya bi firam ɗin da siririn katako a sama da gefe biyu, wanda ƙyaure zai jingina da shi in an rufe. Inda allunan ƙyaure suka rabu, a buga wani siririn a kan tsagar.

A ƙasa a yi dokin ƙofa mai tsayin inci 2, ƙyaure ya rufe a jikinsa. Yana tare iska da ruwa da kunama. In babu shi, a yanka tsohuwar robar cikin taya, faɗin yatsa uku, a buga ta da ƙananan kusoshi a gindin ƙyaure yadda za ta riƙa shafar ƙasa. Tsakanin firam da bango ma a cike, gama sau da yawa nan ne kafa take ɓuya. Daga ciki a rataya labule mai kauri ko buhun algarara da ya sauka har ƙasa. Ɗakin da ba shi da ƙyaure, a riɓa asabari da tufaniya, su zarce bakin ƙofar ta kowane gefe.

Taga mai gilasai jere tana da daɗi da zafi, amma ba ta rufuwa sosai. A mayar da gilashin da ya fashe, a ƙara mata murfin katako ko labule. Kowace taga a sa mata raga. Magina da yawa suna bin ƙa'idar cewa faɗin tagogi ya kai kashi ɗaya cikin goma na faɗin daɓen ɗaki. Ɗaki mai ƙafa 10 da ƙafa 12 ke nan yana son taga biyu, kowacce ƙafa 2 da ƙafa 3. Kada tsoron sanyin wata uku ya sa mu gina kurkuku, gama zafin Maris da Afrilu yana nan tafe.

KADA GARIN GYARAN GIRA A RASA IDO

Wannan sashe shi ne mafi muhimmanci. Muna roƙo a karanta shi da ƙarfi a taron ƙungiya, a kuma fassara wa waɗanda ba su jin Hausa.

Abin da muke toshewa shi ne kafofin da ba mu muka zaɓa ba. Ɗaki kuwa dole ya sami hanci. A kowane ɗakin kwana a bar ƙananan kafofi biyu, kowacce kamar inci 9 da inci 6, a can sama kusa da rufi, a bangon kudu da na yamma, an rufe su da raga. Ba a toshe su ko da wane irin sanyi ake yi. Da yake suna sama kuma suna bayan iska, ba za su busa a kan mai barci ba. Da hantsi kuma a buɗe ƙofa da tagogi, a shanya kayan kwanciya, a rufe kafin rana ta faɗi don a kama ɗumin yini.

Gawayi in yana ci yana fitar da wata iska mai guba wadda Turawa ke kira kabon monoksaid. Ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta sa tari. Gawayin da ya yi ja ya daina hayaƙi ma yana fitar da ita. Tana shiga jini ta hana shi ɗaukar iskar da jiki ke rayuwa da ita. Alamunta su ne ciwon kai, jiri, tashin zuciya da kasala. Mai barci ba ya jin komai, sai dai a fasa ƙofa da safe. Ciwon kan da matar nan take tashi da shi, gargaɗi ne. Ɗakin da muka gyara ya fi na da riƙe wannan guba, saboda haka:

1. Kada a kwana da kaskon gawayi ko garwashi a ɗaki. Kafofin sama biyun nan ba su isa su fitar da gubarsa ba.
2. Kada a ɗumama ɗaki da risho ko murhun gas.
3. Janareta a waje yake zama, nesa da ƙofa da taga da aƙalla ƙafa 20. Ba a zaure ba, ba a baranda ba.
4. In mutanen ɗaki ɗaya suka tashi da ciwon kai ko amai tare, a fitar da su waje nan take, a buɗe ko'ina, a kai su asibiti. A gaya wa ma'aikacin lafiya cewa an kwana da wuta.

To, da me za a ji ɗumi? A ɗora shimfiɗa a kan gado, ko na kara ne, kada a kan daɓe. A janye gado daga saitin ƙofa. A sa wa yara hula da safa. A gasa dutse ko bulo a murhun waje, a naɗe shi da tsumma mai kauri, a ɗumama shimfiɗa da shi, a cire kafin a kwantar da yaro. Jariri kuwa babu abin da ya fi masa ƙirjin uwarsa, fata da fata, an lulluɓe su tare, kansa da hula, fuskarsa a buɗe.

Akwai kuma cunkoso. Sanƙarau da tarin fuka ta numfashi suke yaɗuwa, sun kuwa fi samun dama inda mutane da yawa suke kwana a rufaffen ɗaki. Manyanmu ba su manta da 1996 ba, shekarar da sanƙarau ya kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya, ya kashe fiye da 11,000. An fara allurar rigakafin nau'in da ya yi wannan ɓarna a Nijeriya a 2011, a 2024 kuma aka kawo sabuwa mai kare nau'i biyar. Mu kai yara rigakafi, mu kuma raba wurin kwana in da hali. Zazzaɓi mai zafi da ciwon kai da sanƙarewar wuya, asibiti ne a ranar.

Yaro mai tari, a ƙirga numfashinsa na minti ɗaya sa'ad da yake kwance shiru. In ya kai 60 ga wanda bai cika wata 2 ba, ko 50 ga ɗan wata 2 zuwa shekara 1, ko 40 ga ɗan shekara 1 zuwa 5, ko kuwa ƙasan ƙirjinsa yana lotsawa in ya ja numfashi, kada a jira.

ƊAKIN 'YAN TSAKI

Masu kiwon kaji, maganar ɗaya ce. 'Yan tsaki suna son ɗumin digiri 32 zuwa 35 a makon farko, a riƙa ragewa kamar digiri 3 kowane mako. In sun taru a ƙarƙashin fitila, sanyi ne. In sun guje ta suna haki, zafi ne. In kuwa duk sun koma gefe ɗaya, iska ce take ratsawa ta ɗaya gefen. A kewaye su da kwali mai tsayin gwiwa, a rufe ƙasan raga da buhu, a bar sama a buɗe.

AIKIN ƘUNGIYA

Lokacin wannan aiki shi ne Oktoba zuwa farkon Nuwamba, sa'ad da ruwa ya ɗauke amma kududdufi bai ƙafe ba, ƙasa kuma tana da laushi. Mun san lokacin girbi ne, hannu ya yi ƙaranci. Amma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mutum shida da gayya sukan gama bakin rufi da ƙofar ɗaki biyu a yini. Ƙungiya ta sayi raga naɗi guda da kusoshi a sari, ta raba wa 'ya'yanta, ya fi arha a kan kowa ya sayi yadi yadi. A fara da ɗakunan masu ciki da masu jego, sa'an nan na gwauraye da tsofaffi waɗanda ba su da mai hawa musu bango. Zumuntar mata ta ɗauki maganar gawayi gida gida, domin su ne suke kwana da yara.

Ga tambayoyi don taronku na wannan wata:

1. Ɗakuna nawa ne a unguwarmu ake kwana da wuta a ciki?
2. Wace kafa ce ta fi yawa a gidajenmu: bakin rufi, ƙofa, ko tsagar bango?
3. Ɗakin wa za mu fara gyarawa, wace rana kuma?

Kafin mu bar gidan dattijon nan, mun cire tsummokin tagar surukarsa, an fitar da kasko, mun buga roba a ƙofarta, ya kuma yi alkawarin silin na zana a ɗakin baƙi. Ku rubuto mana yadda aikin ya tafi a wurinku, da dabarun da ƙasarku take da su waɗanda ba mu ambata ba, domin sauran ƙungiyoyi su ƙaru. Allah ya kai mu hunturu lafiya, ya fisshe mu lafiya.